Abu Zaid Al-Balkhi: Malamin yaran da ya rubuta littafi a kan ciwon rai

A filin tarihin magabata na wannan Juma'ar mun ɗauko wani malami da ba a cika jin sunansa a majalisunmu ba, wato Abu Zaid Ahmad ɗan Sahal, wanda aka fi sani da Al-Balkhi. Ya rasu fiye da shekara dubu da ta wuce. Dalilin ɗauko shi kuwa, ya yi rubutu a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya ɗauke su a matsayin cuta mai magani kamar zazzaɓi, kuma waɗannan abubuwa huɗu su ne muke gani yau a jikin yaranmu da samarinmu a nan Legas, mu rasa sunan da za mu ba su.

An haife shi wajen shekarar 850 miladiyya, a wani ƙauye da ake kira Shamistiyan, kusa da birnin Balkh a ƙasar Khurasan. Wurin yana arewacin Afganistan ta yau, ba nisa da Mazari Sharif. Idan mutum ya tsallaka babban kogin da ke arewa da Balkh, sai ya faɗa garin Tirmiz, garin Imam Tirmizi. Ke nan sun yi zamani ɗaya, don Imam Tirmizi ya rasu a 892, Imam Bukhari kuma a 870, lokacin Abu Zaid yana saurayi ɗan kimanin shekara ashirin. Mahaifinsa mutumin Sijistan ne da ya zo ya zauna a wannan ƙauye yana koyar da yara. Baƙo ne ke nan kamar yawancinmu, neman abinci ya kawo shi garin wasu. Shi ma Abu Zaid an ruwaito cewa ya yi sana'ar koyar da yara kafin ilimi ya ɗaga shi.

Da ya tasa sai ya bi ayarin mahajjata zuwa Iraƙi, a ƙafa. Ya yi shekara takwas a can. Ya zauna gaban Al-Kindi, shahararren masanin falsafa na Bagadaza, ya karanta falsafa da likitanci da ilimin taurari, ga kuma ilimin addini. Masu tarihinsa ba su ɓoye ba cewa a shekarun nan ya shiga ruɗani. Ƙungiyoyi sun yi yawa a Bagadaza, kowa na kiran nasa, shi kuma yaro ne mai son bin diddigi, sai ya yi ta kai da komowa tsakanin ra'ayoyi kafin daga baya hankalinsa ya kwanta a kan tafarkin jama'a. Duk uban da ɗansa ya shiga shekarun tambaye-tambaye, yau ya dawo da maganar wannan malami gobe ta wancan, ya riƙe wannan a ransa. Mutumin da aka zo ana yabon littafinsa a kan tsarin Alƙur'ani shi ma ya bi ta nan.

Ya komo gida ta hanyar Herat, ya zauna a Balkh yana koyarwa yana rubutu. An siffanta shi da mutum siriri, matsakaicin tsawo, mai zanen agana a fuska, mai yawan shiru da kunya. Amma idan ya riƙe alƙalami sai a ce wani ne daban, har aka yi masa laƙabi da Jahiz na Khurasan, don kwatanta shi da babban marubucin Basra. Littattafansa sun haura arba'in. Akwai manyan da suke ba shi abin kashewa a kai a kai, suka yanke saboda ya rubuta abin da ya saɓa wa aƙidarsu, bai janye ba.

Wajen shekarar 918 sarkin da ya kama Balkh, shi ma sunansa Ahmad ɗan Sahal, ya yi masa tayin waziri. Ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda. Abokinsa Abul Ƙasim Al-Ka'abi ya hau kujerar wazirin a kan dirhami dubu a wata, shi kuma ɗari biyar, sai abokin ya riƙa yanko ɗari daga nasa yana ƙara masa. Mulkin bai daɗe ba, cikin shekara biyu sarkin ya faɗi ya mutu a tsare. Abu Zaid ya koma ƙauyensu ya riƙe gonarsa da littattafansa.

Abin da duniya ta daɗe tana saninsa da shi taswira ce. Ya zana taswirar ƙasashen Musulmi wajen ashirin da ɗan bayani a kan kowace, waɗanda suka biyo baya irin su Istakhri da Ibn Hauƙal suka ɗora a kai. Wannan ba shi ne zancenmu ba yau.

Zancenmu shi ne littafinsa mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, wato abin da ke gyara jiki da abin da ke gyara rai. Kashi biyu ya yi shi. Na farko babi goma sha huɗu a kan jiki: abinci, abin sha, barci, muhalli, motsa jiki da sauransu. Na biyu babi takwas a kan rai. A nan ya yi wa likitocin zamaninsa ƙorafi, cewa sun tattara hankalinsu a kan jiki sun bar rai, alhali biyun a sarƙe suke. Jiki ya kwanta ciwo, tunani ya rikice. Rai ya shiga damuwa, mutum ya kasa ci ya kasa barci, har ta kai shi ga kwanciya. Ya kuma lura da wani abu da kowa zai gaskata: mutum na iya yin shekaru bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya yini ya wuce bai ɗanɗani fushi ko fargaba ko ɓacin rai ba.

A cikin babi takwas ɗin nan babu wanda ya ware wa yara. Da manya yake magana, wani wurin ma da sarakuna. To amma ciwon da ya lissafa ba ya tambayar shekaru, kuma hanyoyin da ya kawo su ne a yau masu ba yara da matasa shawara suke aiki da irinsu.

Ya ce maganin rai ta ƙofa biyu yake shiga. Akwai na ciki, wato tunanin da mutum ke yi wa kansa. Akwai na waje, wato maganar wani amintacce mai hankali. A kan na ciki ya ba da shawarar da ta burge ni: mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo, don ran da hankali ya tashi ba a iya ƙirƙiro shi. A kan na waje kuwa ya kawo dalili biyu. Mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani fiye da daga kansa, sannan wanda fushi ko tsoro ya rufe ba ya iya ganin hanya, sai an riƙe hannunsa. Ku duba fa, wannan babba ke nan mai gemu. Ina ga yaro ɗan shekara goma sha uku da aka ɗora a bayan tirelar shanu ko ta albasa aka kawo shi Agege ko Mile 12, uwarsa na can Arewa, ba ya jin Yarbanci, ba ya jin Turanci, wanda aka damƙa wa amanarsa kuma ya fita tun asuba sai dare? Wannan yaron ba shi da tanadin ciki tukuna, shekarunsa ba su kai ba. Na wajen kaɗai ya rage masa, kuma mu ne.

A babin fushi ya fi fuskantar masu iko, don su ne fushinsu ke sauka a kan wasu. Ya so a ce mai mulki yana da wani na kusa da aka yarje wa ya yi masa magana idan ransa ya ɓaci, kuma kada ya yi hukunci sai wutar ta lafa, ya tuna nadamar da ke biyo baya. A gidajenmu da makarantun allonmu mu ne masu ikon. Bulalar da aka yi cikin fushi ba ladabi ba ce, huce haushi ce, yaron ma ya san bambancin.

Babin tsoro ya fi tsawo a wurina. Ya bambanta tsoro na yau da kullum da firgicin da ke kama mutum ya hana shi sukuni. Ya ce yawancin abin da ake tsoro ba ya aukuwa, wanda ya auku ma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Ya buga misali da hazo: daga nesa sai ka ɗauka bango ne ba mashiga, ka shiga ciki ka tarar iska ce kana numfashi lafiya. Mu da muka san hunturun Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sannan ya nuna cewa sabo na kashe tsoro. Mai aikin jinya da ya saba ganin rauni, da matuƙin jirgin ruwa da ya saba da igiya, ba haka aka haife su ba, yawan gani ne ya kwantar masu da gaba. Don haka mai tsoron abu a riƙa kusanta shi da abin sannu a hankali har ransa ya saba. Likitocin ƙwaƙwalwa na yau suna da wannan hanya, kuma da ita suke yi wa yaro mai tsoron duhu, ko kare, ko shiga aji. A lura da kalmar sannu a hankali. Kulle yaro a ɗaki mai duhu don wai ya daina tsoro ba shi ne wannan ba, ƙara masa ake yi. Ana farawa ne da fitila a kunne da babba a kusa, gobe a rage haske, jibi babban ya matsa bakin ƙofa. Yaron da ya ga tashin hankali da idonsa kuwa, ko a gida kafin su taso ko a nan, ya koma fitsarin kwance, ko yana zabura cikin dare, ko ya ji ƙarar salansar babur ya ruga, wannan nasa ya wuce dabarar gida, yana buƙatar wanda ya karanci aikin.

Ga wani abin dariya a tarihinsa. Ana ba da labarin cewa sarkin Bukhara ya aika a kira shi don ya yi masa aiki. Ya taso, ya iso bakin kogin Jaihun, ya ga faɗinsa ya ji rurin ruwan, sai ya rubuta wa sarki cewa in don hankalinsa aka kira shi, to hankalin nan ya hana shi tsallaka wannan ruwa. Ya juya gida. Ko tsoro ne, ko dabarar guje wa fada ce irin ta wanda ya riga ya ga yadda sarauta ke ƙarewa, ni dai na fi karkata ga ta biyun.

A kan baƙin ciki ya raba shi gida biyu, kuma rabon nan yana da amfani ƙwarai. Akwai wanda aka san dalilinsa: mutuwa, asarar dukiya, rasa abin da aka ƙwallafa rai a kai. Wannan magana ce maganinsa, daga ciki da daga waje, a tuna wa mutum cewa duniya haka take, a nuna masa abin da ya rage masa, a hana baƙin cikin zama wata musiba ta biyu da ta fi ta farko. Akwai kuma wanda ke saukowa haka kawai ba dalili, ya danne mutum, ya cire masa sha'awar komai. Wannan ya ce daga jiki yake, don haka sai an haɗa da maganin jiki, tare da zama da mutane da abin da ke faranta rai. Bayanin da ya yi na yadda jiki ke jawo shi, na gurɓatar jini da rinjayen wasu ruwaye a jiki, ilimin likitancin zamaninsa ne, yau an wuce wurin. Amma asalin maganar tana nan daram: akwai damuwar da wa'azi kaɗai ba ya ɗauke ta, kamar yadda wa'azi ba ya sauke hawan jini. Yarinyar da ta daina cin abinci, ta daina fita wasa, ta yini a kwance mako da makonni, kada a tsaya kan cewa shagwaɓa ce ko rashin godiyar Allah. Saurayin da ya koma shan kodin ko tiramol, a tambaya me yake gudu kafin a tambayi wa ya koya masa.

Kuma kula da ɓacin ran yaro ba baƙon abu ba ne a addininmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin ƙanin Anas ɗan Malik, ƙaramin yaro da ake wa alkunya da Abu Umair, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tsaya ya yi masa raha ya tambaye shi labarin tsuntsun, kuma a wasu ruwayoyin an bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, aka ga yaron cikin damuwa. Mutuwar tsuntsu ce fa, amma ba a ce masa ya tashi ya ba mutane wuri ba.

Babi na ƙarshe shi ne na waswasi, kuma Abu Zaid ya ɗauke shi a cikin mafi wahalar sha'ani. Tunani ne da ke zuwa ba a gayyace shi ba, ya maƙale, ya yi ta maimaita kansa, ya hana mutum jin daɗin abinci da aiki da zama da iyali. Mai shi ya riƙa ganin kamar wani mugun abu na dab da samunsa, ko ciwo ko mutuwa, alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ce wani da shi ake haifarsa a ɗabi'a, wani daga baya yake samunsa. Ya ambaci masu danganta shi da jiki, ya ambaci masu danganta shi da Shaiɗan, bai tsaya dogon jayayya ba, ya wuce kan abin da za a yi. Kada mai waswasi ya zauna shi kaɗai, don kaɗaici ne abincin ciwon. Kada ya zauna ba aikin yi. Ya samu amintacce mai ƙaunarsa da zai riƙa faɗa wa abin da ke ransa, shi kuma ya warware masa da hujja cikin natsuwa. Ya kuma koyi mayar wa tunanin martani, kamar mai kare kansa a gaban alƙali, misali ya dubi iyayensa da kakanninsa da suka yi tsawon rai, ya dubi yawan masu ciwon da ke warkewa.

Jama'a, wannan ciwon yana nan a harabar masallacinmu. Duk mai zuwa da wuri ya taɓa ganin yaro a wurin alwala ya wanke hannu ya sake, ya kai ƙafa ya dawo farko, buta biyu buta uku, har a tayar da salla yana nan. Ko ya yi kabbara ya yanke, ya sake, liman ya kai ruku'u shi bai shiga ba. Wasu su yi masa dariya, wasu su ce tsoron Allah ne ya yi masa yawa, wasu su daka masa tsawa don yana ƙarar da ruwa. Yaron nan a cikin azaba yake, kuma sau da yawa akwai wasu tunane-tunane da yake jin kunyar faɗa wa kowa, yana zaton ya kafirta. Likitoci sun tabbatar cewa wannan cuta ta fi fara bayyana a ƙuruciya da farkon balaga, kuma tana jin magani. Malamanmu na fiƙihu ma sun san da ita, shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya aka yi wa wanda shakka ta zame wa jiki sauƙi, aka ce ya yi watsi da shakkar ya ci gaba da ibadarsa. A gaya wa yaron wannan hukunci, daga bakin malamin da yake girmamawa, a keɓe ba a gaban abokansa ba. A yi masa addu'a, a yi ruƙya ta shari'a in ana so. In abin ya ci gaba, a kai shi asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashe na yara da matasa a Oshodi, ga na Aro a Abeokuta, ga kuma asibitin koyarwa na Ibadan ga 'yan'uwanmu na can. Na san da an ce Yaba sai gaban mutum ya faɗi, kamar yadda ake jin Dawanau a Kano, a ce za a ɓata wa yarinya suna ta rasa miji. Yawancin masu zuwa wuraren nan ganin likita suke yi su koma gida a ranar, kuma ba a buga wa kowa tambari a goshi.

Abu Zaid ya rasu a ƙauyen da aka haife shi a shekarar 934, wato 322 bayan hijira, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Yawancin littattafansa sun ɓace, sai sunayensu a cikin littattafan tarihi, musamman abin da Yaƙut Al-Hamawi ya tattara a kansa. Na jiki da rai kuwa ya tsira a rubutun hannu a ɗakin karatu na Aya Sofiya da ke Istanbul, ya yi ɗaruruwan shekaru ba a waiwaye shi sosai ba. A 1984 Farfesa Fu'ad Sezgin, Baturken da a lokacin yake aiki a Frankfurt ta Jamus, ya buga hoton rubutun kamar yadda yake. Daga baya Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fassara kashi na biyu zuwa Turanci, aka buga a 2013. Ɗan ƙaramin littafi ne, ɗalibin sakandare zai iya karance shi a zama biyu ko uku. Allah ya jiƙan Abu Zaid, ya jiƙan Malik Badri da ya rasu a 2021, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, manya da yara.